Yadda ake warware matsalolin lissafi masu kama da juna a tare: misali daga jigilar shanshera a Kebbi

Duk mai riƙe da lissafin jigilar shanshera a Kebbi ya san tambayar ba sau ɗaya take zuwa ba. Yau ana so a san buhu nawa za a ɗauko daga Augie, nawa daga Bunza, nawa daga Suru, wace mota za ta nufi Argungu inda kamfanin casar shinkafa na WACOT yake, wace za ta sauke a Birnin Kebbi inda kamfanin casa na Labana yake. Mako mai zuwa tambayar ce dai, yawan buhunan ne kawai ya sauya. Sai kuma shugaban ƙungiya ya ce a duba masa yadda abin zai kasance in kuɗin gas ya tashi, in ruwa ya yanke hanya da damina, in wani injin casa ya tsaya gyara. Kafin ka ankara matsala ɗaya ta zama ɗari biyar.

Abin da aka saba yi shi ne a rubuta shirin kwamfuta da zai gina kowace matsala daga tushe, ya warware ta, ya zubar da duk abin da ya gano, ya koma kan ta gaba. Amsa za ta fito daidai, amma asarar lokaci ce babba, domin amsar matsala ta farko ta riga ta yi mafi yawan aikin ta biyu. Hanyar cin moriyar wannan ta dogara ne ga irin dangantakar da ke tsakanin matsalolin, don haka daga nan ake farawa.

Ɗauki takarda kafin ka buɗe kwamfuta

Kowace matsalar jigila tana da sassa uku. Akwai kuɗin kai buhu ɗaya a kowace hanya. Akwai adadi, wato buhunan da kowace kasuwa ke da su da waɗanda kowane inji ke buƙata. Akwai kuma tsari, wato wace kasuwa ce ke da hanya zuwa wane inji. Jera matsalolinka biyu ko uku gefe da gefe, ka rubuta wanne cikin ukun ne ke sauyawa. Daga nan ka yi wata tambayar: shin amsar ɗaya tana taɓa amsar wata? In yankin Argungu da yankin Yauri motoci ɗaya suke rabawa, to matsalolinsu a ɗaure suke, kuma maganinsu daban ne da na matsalolin da kamanni kawai ya haɗa su.

Mu fara da masu kamanni, da ƙaramin misali da za ka iya bi da biro. Lambobin duk na misali ne. A ce Augie na da buhu 400, Bunza na da 600. Injin Argungu na son 500, na Birnin Kebbi na son 500. Kuɗin kai buhu ɗaya: Augie zuwa Argungu naira 300, Augie zuwa Birnin Kebbi 700, Bunza zuwa Birnin Kebbi 500, Bunza zuwa Argungu 900. Mafita mafi sauƙi ita ce Augie ta kai duka 400 ɗinta Argungu, Bunza ta cika wa Argungu 100, ta kai 500 Birnin Kebbi. Jimilla naira 460,000.

Lura cewa hanyoyi uku aka yi amfani da su cikin huɗu. Ba dace ba ne. In kasuwanni da injuna sun haɗu sun kai wani adadi, hanyar simfileks, wato dabarar lissafi ta nemo shiri mafi sauƙin kuɗi wadda George Dantzig ya fito da ita a 1947, tana ba da amsa mai hanyoyin da ba su wuce wannan adadin ba an cire ɗaya. Waɗannan zaɓaɓɓun hanyoyi su ne ginshiƙan amsar, kuma su ne abin da ya kamata ka ajiye, fiye da lambobin buhuna.

Mako na biyu Augie ta samu 450, Bunza 550. Riƙe ginshiƙan nan uku ka sake ƙirga: 450 zuwa Argungu daga Augie, 50 daga Bunza, 500 zuwa Birnin Kebbi. Babu lamba mara ma'ana, kuɗin hanyoyi bai sauya ba, saboda haka amsar ta ci gaba da zama mafi sauƙi, naira 430,000, ba tare da an binciki komai ba. Mako na uku Augie ta kai 560, Bunza ta sauko 440. Yanzu ginshiƙan da ke hannu za su ce Bunza ta kai Argungu buhu 60 ƙasa da sifiri, abin da ba ya yiwuwa. Gyaran taku ɗaya ne: a fitar da hanyar Bunza zuwa Argungu, a shigo da ta Augie zuwa Birnin Kebbi. Sai a samu 500, da 60, da 440, jimilla naira 412,000. Wannan taku shi ne aikin simfileks na juyi, wanda Carlton Lemke ya tsara a 1954: yana tashi daga ginshiƙan da suka dace ta fuskar kuɗi amma suka karya adadi, ya gyara adadin.

In kuɗi ne ya sauya, adadi na nan, lamarin ya juya. Tsohuwar amsa har yanzu tana yiwuwa, tambayar ita ce ko har yanzu ita ce mafi sauƙi. A misalinmu na makon farko, kowane buhu da ka karkatar daga Augie zuwa Birnin Kebbi yana ƙara 700 da 900, yana rage 300 da 500, wato ƙarin naira 800. Muddin wannan lamba ba ta faɗo ƙasa da sifiri ba, kada ka taɓa shirin. In ta faɗo, simfileks na asali, wato na Dantzig, ne zai ɗora daga inda aka tsaya. Abu ɗaya da ke ceton aiki mai yawa: in gas ya tashi kuma kuɗin kowace hanya ya ƙaru da kaso ɗaya, a ce kashi 20 cikin 100, rabon buhuna ba zai sauya ko kaɗan ba. Ninka jimillar kawai. Sai in tashin ya fi cizon dogayen hanyoyi, kamar inda kuɗin 'yan dako bai motsa ba amma na mai ya motsa, sannan ake buƙatar sake warwarewa.

Yadda ake sa manhaja ta tuna

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin ba kowace manhaja ce ke riƙe ginshiƙai ba. Solver na Excel ba ya karɓar abubuwan nema, wato lambobin da ake son ya gano kamar buhunan kowace hanya, fiye da 200, kuma ƙananan hukumomi 21 na Kebbi da wuraren saukewa goma sun riga sun ba ka hanyoyi 210. Aikin linprog na SciPy, wata manhajar lissafi ta harshen kwamfuta na Python, yana amfani da HiGHS, manhajar warware irin waɗannan matsaloli, a ciki, amma duk kira sabo ne, ba ya ɗorawa a kan na baya. Da PuLP da CBC kuwa, wasu manhajojin irin wannan aiki, a kowane kira sai an rubuta matsalar a fayil an tayar da wani shirin, kuma a ƙananan matsaloli wannan kai-komo kan fi warwarewar kanta cin lokaci.

Shawararmu ita ce ka yi amfani da highspy kai tsaye, wato HiGHS a cikin Python. Kyauta ne, kuma da zarar ka sauke shi ba ya buƙatar intanet. Gina matsalar sau ɗaya tak, a wajen zagayen da ke bin matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Saita zaɓin solver ya zama simplex. A cikin zagayen, sauya adadi da changeRowBounds, sauya kuɗi da changeColCost, sannan ka kira run. Ginshiƙan baya suna nan a ciki. Zaɓin simplex_strategy yana kan 1 in ba a taɓa shi ba, wato na juyi, wanda ya dace da sauyin adadi. In kuɗi ne ke sauyawa gwada 4, na asali. Hanyar da ruwa ya yanke kada ka goge ta daga tsarin. Mayar da iyakarta ta sama sifiri da changeColBounds, tsarin ya zauna yadda yake.

Kada ka yarda cewa ɗorawar tana aiki sai ka gani da idonka. Bayan kowane run, buga simplex_iteration_count daga getInfo. Matsalar farko za ta ci taku da yawa, na bayanta su ci kaɗan, wasu ma sifiri. In ka ga kowace tana cin kusan adadin ta farko, to wani abu na share ginshiƙan: ko kana sake gina matsalar a cikin zagayen, ko manhajar ta koma hanyar ratsa ciki, wata dabara daban da simfileks, wadda ke da sauri a manyan matsaloli amma ba ta cin moriyar amsar baya sosai. Kuma auna lokacin gini daban da lokacin warwarewa. Mai amfani da CVXPY, wata manhajar tsara matsaloli a Python, ya sa lambobin da ke sauyawa a matsayin Parameter, domin a fassara matsalar sau ɗaya maimakon kowane zagaye.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne sauyin da aka manta ba a mayar ba. Ka rufe hanyar Suru a matsala ta 40, ka manta ba ka buɗe ta ba, sai duk matsalolin da suka biyo baya su fito da amsa mai kyan gani amma ta ƙarya, kuma manhajar ba za ta yi ƙorafi ba. Maganinsa: a farkon kowane zagaye ka rubuta dukkan lambobin da ke iya sauyawa, har waɗanda ba su sauya ba a wannan karon.

Jerin da ka bi da matsalolin yana da tasiri ƙwarai. Ɗorawa tana da amfani ne gwargwadon kusancin matsala da wadda ta gabace ta. In lamba ɗaya ce ke sauyawa, jera daga ƙarami zuwa babba. In da yawa ne, fara da kowace, ka zaɓi mafi kusa da ita cikin waɗanda suka rage, haka har ƙarshe. Makonnin kakar noman rani su bi juna, na damina su bi juna. In kwamfutarka na da ƙwaƙwalwa huɗu, wato sassa huɗu masu yin lissafi a lokaci ɗaya, yanka jerin gida huɗu a jere, kowane kashi ya zama sarƙa mai zaman kanta. Rarraba su ɗaya nan ɗaya can yana wargaza kusancin da ka sha wahalar jerawa. Ka kuma saita kowace sarƙa ta yi aiki da zare ɗaya, wato ta tsaya kan ƙwaƙwalwa ɗaya, in ba haka ba su huɗun za su yi ta kokawa kan ƙwaƙwalwar, aikin ya fi na da nauyi. Saboda ɗaukewar wuta, rubuta sakamako a fayil bayan kowace matsala hamsin tare da ginshiƙan da getBasis ya ba ka, don ka ɗora da setBasis in an dawo.

Akwai wani nau'in ajiya da ya shafi matsalolin da ke ƙarewa a warware jerin daidaito, kamar kiyasin amfanin gona na kowace ƙaramar hukuma da ma'aunai iri ɗaya. Tsinka jadawalin lambobi mai layi 1,000 ta hanyar Cholesky, wato raba shi gida biyu masu sauƙin warwarewa, yana cin lissafi kusan miliyan 333, amma da zarar an tsinka, kowace sabuwar warwarewa kusan miliyan 2 ce kawai. A SciPy, kira cho_factor sau ɗaya, cho_solve sau ɗari biyar, ko ma ka haɗa dukkan ɓangarorin dama na daidaiton, wato lambobin da ke sauyawa, a jadawali ɗaya ka miƙa su gaba ɗaya.

In motocin na kowa ne

Yanzu mu zo kan matsalolin da ke ɗaure. A ce ƙungiya na da sawu 30 na tirela a mako, yankuna uku na rabawa: Argungu, Gwandu da Yauri. Kowane yanki na da nasa lissafin, abin da ya haɗa su sharaɗi ɗaya ne, jimillar sawu kada ta wuce 30.

Kafin komai, gwada zuba su duka a matsala ɗaya babba ka ba HiGHS. Yankuna uku ko ashirin ba wani abu ba ne a wurinsa, kuma amsar za ta fito cif. Muna jaddada wannan domin rarrabawa tana da wahalar saiti, kuma ba ta cancanta sai babbar matsalar ta fi ƙarfin kwamfutar, ko kuma yankunan ba sa son bayyana wa juna littattafansu.

In dole ne a rarraba, sai a sa wa sawu farashi na cikin gida. Fara da sifiri. Kowane yanki ya warware nasa, yana ƙara farashin a kan kowane sawu da ya nema. Tattara buƙatu. In sun haura 30, ɗaga farashi; in sun gaza, sauke shi, amma kada ya yi ƙasa da sifiri. A ce a zagayen farko an nemi 44, rarar 14. Da matakin naira 1,000 kan kowane sawun rara, farashi ya zama 14,000. Zagaye na biyu an nemi 35, farashi ya koma 19,000. Na uku an nemi 28, ya sauko 17,000. Kamar cinikin kasuwar Jega ne, ana tayi ana albarka har a zo kusa. Tunda kuɗin sawu ne kawai ke sauyawa tsakanin zagaye da zagaye, kowane yanki ya ɗora a kan ginshiƙansa na baya.

Abin da ke lalacewa a nan sananne ne. In matakin ya yi girma, farashi zai yi ta lilo, yau kowa na son mota gobe babu mai so. In ya yi ƙanƙanta, za ka kwana kana jira. A rage shi a hankali, misali a raba matakin farko da lambar zagaye. Ko da haka, a matsalolin miƙaƙƙen layi irin namu, inda kuɗi ke ƙaruwa daidai da adadi, buƙata tsalle take yi: a farashi ɗaya 28, ka sauke kaɗan ta koma 33, ba lallai ta tsaya kan 30 ba. Wannan ba kuskuren shirinka ba ne. Mafita ita ce a gauraya shirye-shiryen da yankunan suka kawo a zagaye daban-daban. Ko dai ka ɗauki matsakaicinsu, ko ka bi hanyar Dantzig da Wolfe ta 1960, inda wata ƙaramar matsala ta tsakiya ke zaɓar kason da za a ɗauka daga kowane shiri, ita ce kuma ke fitar da sabon farashi, ba sai ka yi ta lalube da mataki ba.

Don sanin lokacin tsayawa, riƙe lambobi biyu. Ta ƙasa: haɗa kuɗin da yankuna suka samu har da farashin sawu, ka cire farashin sau 30. Amsa ta gaskiya ba za ta taɓa yin ƙasa da wannan ba. Ta sama: kuɗin kowane shiri da ya mutunta sawu 30, ko da da hannu ka datse shi. In tazarar da ke tsakaninsu ta sauko kashi 1 cikin 100, tsaya. Farashin ƙarshe kuma kada ka yar da shi, domin shi ne darajar ƙarin sawu ɗaya. In ya tsaya kusa da 17,000 kuma ana samun hayar sawu a waje ƙasa da haka, a ɗauko haya.

In shawara ɗaya ce za a yanke yau

Nau'i na uku ya fi kowanne muhimmanci ga manomin fadama. Dole a kama hayar sito tun kafin a san yadda damina za ta kaya, kuma wanda ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonakin shinkafa a Kebbi ya san bambancin shekara da shekara ba ƙarami ba ne. Kowane yanayi matsala ce mai zaman kanta, amma girman siton da za a kama dole ya zama ɗaya a dukkansu.

A ce yanayi uku ne: ambaliya mai yiwuwar 0.3, matsakaiciyar shekara 0.5, shekarar albarka 0.2. Kowane shi kaɗai ya zaɓi sito mai cin buhu 800, 1,200 da 1,600. Matsakaici bisa yiwuwa 1,160. Jarabar ita ce a ɗauki 1,160 a tashi, kuma wannan kuskure ne, domin asarar rashin wurin ajiya ba ta yi daidai da asarar sito da ya zauna fayau ba. Matsakaicin mafari ne kawai.

Hanyar da Rockafellar da Wets suka wallafa a 1991 tana tafiya haka. Zaɓi girman tarar da za a ci duk yanayin da ya kauce wa matsakaici, a ce naira 2. Kowane yanayi ya samu nasa farashin gyara: tarar sau tazararsa daga matsakaici. Na ambaliya ya samu ragin 720 kan kowane buhun wuri, na tsakiya ƙarin 80, na albarka ƙarin 880. Sake warware kowane yanayi da wannan farashi, tare da ƙarin hukunci na rabin tarar sau tazarar da aka ninka da kanta. Fitar da sabon matsakaici, ƙara sabon gyara a kan tsohon, maimaita har su haɗu. Akwai gwaji mai sauƙi da za ka sa a kowane zagaye: farashin gyara, in aka auna su da yiwuwa, dole su haɗu su ba da sifiri. A nan 216 na ragi, 40 da 176 na ƙari. In ba su ba da sifiri ba, akwai kuskure a shirinka.

Lambar tarar ce ke wahalarwa. In ta yi yawa, yanayoyin za su yi saurin amincewa da juna a kusa da matsakaicin farko, sannan su yi ta jan ƙafa kafin su kai amsa ta gari, har ka zaci an gama. In ta yi kaɗan, za su daɗe kowa na gefensa. Duba abu biyu tare: saɓanin da ke tsakanin yanayoyi, da motsin matsakaici daga zagaye zuwa zagaye an ninka shi da tarar. In na farko ya ninka na biyu sau goma, ninka tarar biyu. In akasin haka ne, raba ta biyu. Amma kada ka riƙa sauya ta kowane zagaye. Hukuncin nan mai ninki yana sa a koma manhaja irin OSQP, wadda ke ajiye tsinkakken jadawalinta muddin farashi da iyakoki ne kawai ke sauyawa. Duk sauyin tara yana tilasta sake tsinkawa.

Rabin mota ba ya tafiya

Duk abin da aka faɗa a sama yana da tabbaci ne in ana iya raba adadi, kamar buhuna masu yawa. Da zarar ka ce tirela sai cikakkiya, ko sito a kama ko a bari, lamarin ya sauya. Ginshiƙan baya ba sa ɗaukar ka kai tsaye zuwa amsa. Abin da za ka iya shi ne miƙa tsohuwar amsa da setSolution a matsayin shirin farko, wanda ke taimaka wa manhajar ta yanke rassan bincike da wuri, kuma sai in tsohon shirin bai karya sabbin sharuɗɗa ba. Hanyar farashi na iya barin tazarar da ba za ta rufe ba, hanyar tara kuma na iya yin ta zagaye. In shawarar yau ce kawai ke buƙatar cikakkiyar lamba, abin da ke biyo baya kuma buhuna ne, hanyar Benders ta 1962, wadda ke raba shawarar yau da matsalar kowane yanayi, ta fi dacewa, kuma matsalolin yanayoyinta adadi ne kawai ke sauya musu a kowane zagaye, wato aikin simfileks na juyi.

Kula da ma'auni. HiGHS na ɗaukar sharaɗi ya cika in kuskuren bai wuce ɗaya cikin miliyan goma ba, don haka haɗa biliyoyin naira da ƙananan kaso a matsala ɗaya na jawo amsoshi masu rawa. Rubuta kuɗi da dubbai, nauyi da tan ko buhu, ka tsaya kan ɗaya. Ka kuma ba kowane inji damar gaza cika buƙatarsa a kan tara mai tsada, kamar ninki goma na hanya mafi tsada, don makon da shanshera ta yi ƙaranci kada ya tsayar da zagayen gaba ɗaya, ya nuna maka buhu nawa suka gaza kuma a ina.

Daga ƙarshe, zaɓi matsala ɗaya cikin kowace ashirin ka warware ta daga tushe a sabon shiri, ka kwatanta. Jimillar kuɗi za ka kwatanta, ba rabon buhuna ba, domin shiri biyu mabambanta na iya cin kuɗi ɗaya, kuma ɗorawa kan karkata ga wanda ya fi kama da na makon jiya. In jimillar ta bambanta, fara bincike daga iyakokin da ka sauya a matsalolin da suka gabace ta.